Babbar Tiyar Ɗahiru Mai Labo

Duk wanda ya ce maka ramin ƙarya ƙurarre ne, to bai san Ɗahiru mai labo ba. Nasa ramin ya fi rijiyar Adar zurfi, kuma har yau yana zaune a bakinsa yana kurɓar shayi, lafiyarsa lau, har tumbi ya ajiye. Ni Sauda, da nake sayar da dambu a ƙofar shagonsa tun ƙofar tana ta kwano, ni zan ba ku labarinsa. In kuka bari ya bayar da bakinsa, sai ku tashi kuna neman albarkarsa.

Ɗan ƙauyen Bambeye ne, nan ƙasarmu ta Adar. Baƙi ne wuluk, kuma da kansa ya taɓa gaya mini, wata rana da yake cikin nishaɗi, cewa yana yaro Gawayi ake kiransa. Ya faɗa yana dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Da ya tasa sai ya bi hanyar da kowane ɗan Adar yake bi in an gama girbi, ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, Abija can bakin teku. Ya yi turin amalanke, ya yi tallan agogo, daga baya ya samu aikin shara a wani babban labo inda ake wanke hotuna. Mai kai ne, wannan ba zan hana masa ba. Yana shara yana kallon hannun masu aiki, har ya iya. Ya dawo Tawa a shekarun da aka daina sa fim a kamara aka koma ɗan kati, da tsohon inji a bayan mota, ya kama shago daidai inda nake ajiye tirena.

A lokacin masu hoto bisa babur suke yawo. Su bi ƙauyuka ranar kasuwa, su shiga gidan suna da gidan biki, in kati ya cika su kawo gari a wanke, su mayar wa masu shi. Akwai labo ba ɗaya ba a Tawa kafin ya zo, amma damina ba ta zagayo ba sai da kowa ya koma wurinsa. Dalili kuwa, mace za ta tsaya gaban kamara baƙa kamar ni, ta fito a takarda ja sumul, atamfarta tana ƙyalli. Matan ma'aikata su zo cikin turare su karɓi nasu, su tsaya a bakin ƙofa suna ta kallon kansu, har ƙuda ya kusa shiga bakinsu. Suka riƙa cewa injin Ɗahiru ne kaɗai yake ganin mutum yadda Allah ya yi shi.

Wanda ya warware mini abin shi ne Muktari, wani mai hoto da yake bin wajen Kalfu. Kullum in ya kawo kati a wurina yake cin dambu. Na ce masa, wai wane irin aljani ne a cikin injin nan?

Ya ce, "Inna Sauda, kin dai san tiya, kwanon awo?"

Na ce, "Ubanka ma na girme shi a sayen hatsi."

Ya ce, "To kamara awo take yi. In ta ɗauki mutum sai ta ce ja tiya kaza, tsanwa tiya kaza, shuɗi tiya kaza. Tiyar kuwa iri biyu ce, da ƙarama da babba. Kamarorinmu da ƙarama suke awo, ita ake ce ma sRGB, kuma da ita kowane labo yake zubawa. Shi Ɗahiru sai ya ce ma injinshi da babba anka auna. Inji ba ya musu. Sai ya zuba tiya kaza ɗin da babba, ja ya yi yawa, sannan ya ɗan ƙara haske bisa. Shi ke nan aljanin."

Nan take na gane, don ni ba baƙuwar kasuwa ba ce. A auna da wata tiya a zuba da wata, a kasuwar hatsi dukan tsiya ake yi wa mai yin haka. A nan kuwa godiya ake yi masa.

Kada wani ya ce mini kuskure ne ko rashin sani. In hoton katin ɗan ƙasa ne, da ƙarama yake fitarwa, don hukuma takan dawo da wanda bai yi kama da mai shi ba. Ya san ƙarama, ya san babba, ya san inda kowace take. Hotonsa ma na nan rataye saman injin, babba cikin gilashi, ja kamar Balarabe, shi kuma yana tsaye ƙarƙashinsa baƙi ƙirin yana ba da umarni. Na taɓa tambayarsa ko ɗan'uwansa ne na wata uwar. Sai da na yi kwanaki ina sayar da dambu cikin rana, don ya sa an ɗauke mini rumfa.

Mutanen ƙauye kuwa ba ya ganinsu da gashi. In suka shigo da takalman taya sai ya ce su tsaya daga nan, kada su cika masa inji da ƙasa. Ya ɗaga hotonsu ya nuna wa matan gari, ya ce, "Ku dubi yadda na mai da wanga mutum." A yi dariya, wanda ke cikin hoton ma ya yi, don bai san da shi ake ba. Duk wannan na gani na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba shi ne na Haula.

Haula ɗiyar ƙanwata ce, a Kalfu take aure. Mijinta Hashimu ya tafi biɗa da kaka, ya bar ta da ƙaramin ciki wanda ita kanta ba ta gama tabbatarwa ba. Shekarar ba ta yi masa kyau ba, ta gaba ma haka, ya ji kunyar dawowa hannu biyu, ya zauna. Aka haifi yaro, Illa wan Hashimu ya yanka rago, aka sa masa Abdurazak. Yaro ya yi rarrafe, ya miƙe, ya fara tafiya, uba bai taɓa sa shi a ido ba. Sai ya kira salular Illa ya ce a aiko masa da hoto. A lokacin waya murya kawai take kaiwa.

Ranar kasuwar Kalfu Muktari ya je gidan. Ya shimfiɗa zane a bango, ya ce Haula ta zauna ta ɗauki yaron a cinya. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ɗan fari ne fa. Wace ɗiyar mutunci ce za ta zauna gaban surukai ta rungume ɗan farinta a ɗauke ta hoto? Ko sunansa ba ta faɗa, wanga yaro take cewa. In ya faɗi yana kuka gaban mutane sai ta kau da kai, zuciyarta tana tafasa, har wani ya ɗaga shi. Haka aka tarbiyyantar da mu, haka muka tarbiyyantar da ita, kuma ana yabonta da hakan. Sai aka ɗora yaro shi kaɗai bisa kujera, da 'yar rigar shadda, aka ɗauka.

Da a ce akwai ko da hannun wani babba a cikin hoton, da Hashimu ya ga hannun ma ya yi ja, ya gane. Babu. Yaro ne da kujera da zane.

Muktari ya kawo kati, Ɗahiru ya zuba da babbar tiyarsa, aka sa a ambulan. Da aka kai Kalfu aka miƙa wa Haula, tsakar gida cike da mata. Ba ta buɗe ba. Ta yaya za ta tsaya kallon hoton ɗan fari ana kallonta? Ta miƙa wa Illa, shi kuma mota tana jira, ya danƙa wa wani ɗan garin da zai tafi Abija a ranar. Wanda ya kai saƙon, shi ya dawo ya ba mu labarin abin da ya faru can.

Ɗaki ɗaya suke kwana, 'yan Adar birjik, kamar yadda aka saba. Hashimu ya buɗe ambulan da murna, kafin ya gama gani an fizge, hoto ya shiga zagaye. Shi Hashimu baƙi ne, Haula ma baƙa ce, duk ɗakin sun sani. Ga yaro ja jawur bisa kujera. Sai wani ya ce, "Kai, albasa ba ta yi halin ruwa ba." Dariya ta ɓarke. Wani ya ce ai jinjiri ja ake haihuwarsa, wani ya ce jinjiri ne ke tsaye da ƙafarsa? Suka shiga lissafa masu jar fata da suka taɓa kwana a Kalfu, daga mai allura na asibiti har mai kawo gishiri daga arewa. Wasa suke, wai. Maza in sun yi nisa da gida, ba abin da suke tsoro kamar abin da suke wasa da shi.

Hashimu ya kira wansa, ya ce ɗan nan ba nasa ba ne. Illa ya rantse masa yaro baƙi ne, gabansa yake wasa yanzu haka. Hashimu ya ce, "Yaya, gani ya kori ji. Ku rufin asiri kuke, don kada gidanmu ya ji kunya." Muktari ya ɗauki katin ya kai wani labo, aka fitar da ƙaramar tiya, yaro ya fito da kamarsa, aka sake aikawa. Wannan ya ƙara ɓata lamarin. Hashimu ya ce yanzu kuma an biya an shafa masa baƙi. In inji yana iya canza mutum, ya za a yi ya san wanne ne na ƙaryar? Na farkon dai ba wanda ya san za a yi rigima a kansa, don haka shi ne na gaskiya.

Daga ƙarshe Hashimu ya yanke magana. Lokacin da ya fara zuwa Abija yana saurayi, a ɗakin Ɗahiru ya sauka, Ɗahiru ya ba shi tabarma ya nuna masa gari, tun daga nan Yaya yake kiransa. Ya ce Yaya Ɗahiru ya faɗa masa da bakinsa. In ya ce injinsa yana ƙara wa mutum ja, magana ta mutu, zai roƙi Haula gafara. In ya ce ba ya ƙarawa, ta tattara kayanta. Auren ɗiyata da sunan jikana suka koma rataye a harshen mutumin da nake gaisarwa kowace safiya.

Na shiga na same shi shi kaɗai, yana goge gilashin hotonsa. Na ƙasƙantar da kaina yadda ban taɓa yi wa namiji ba. Na ce, "Malam Ɗahiru, kalma ɗaya ce. Ba gaban kowa ba, kai da shi a waya."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Sauda, ke da kike mace ya kamata ki fi ni sani. Matan garin ga ba takarda suke saye wurina ba. In na faɗa ma Hashimu, kafin la'asar ɗakinsu ya ji, gobe Kalfu ta ji, jibi Tawa. Wace mace za ta rataya hotona ɗakinta in kowa ya san inji ne?"

Na ce, "Aure ne fa zai mutu. Yaro ne za a kira shege."

Ya ce, "Ni na ɗaura auren? Ni na ce uwar ta ƙi zama a hoto?"

Na fito na bar shi. Na aika wa Illa cewa kada su zo, a nemi wata hanya. Amma Illa mutumin ƙauye ne, kuma a ƙauye gaskiya gaban shaidu ake biɗarta. A tunaninsa mutum yana iya ƙarya a ɗaki, amma ba zai iya ba idanun jama'a suna kansa. Sai ya ɗauko Haula da yaron ya zo da su, ya kuma zaɓi satin Sallah, lokacin da shagon yake cike maƙil da mata masu jiran hotunansu. Ya cire hularsa a ƙofa, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi tiryan-tiryan. Sannan ya kira Abija, ya buɗe muryar salula yadda kowa zai ji.

Haula ta durƙusa a kan siminti, kanta a ƙasa. Muktari, da shi ma ya biyo su, ya ɗaga yaron, ya kara hoton a gefen fuskarsa, ya ce jama'a su duba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kowa ya ga yaron baƙi ne, na takardar ja ne. Na ce a raina, alhamdulillahi, yau ƙarya ta ƙare.

Ɗahiru ya leƙo daga bayan teburinsa, ya kalli yaron sama da ƙasa, ya ce, "Rana ce da dauɗa. Ɗiyan ƙauye haka suke. Inji ƙarƙashin dauɗa yake gani. Ku kai shi ku wanke da sabulu ku gani."

Wasu suka yi ƙasa-ƙasa da dariya. Sai muryar Hashimu ta fito daga wayar. Ya ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, injinka na ƙara ma mutum ja?"

Ku ji abin da Ɗahiru ya yi, don shi ne ba zan manta ba har a sa ni a rami. Bai rantse ba. Yana tsoron rantsuwa, munafukin. Sai ya karɓi wayar ya ɗaga ta sama, ya ce, "Hashimu, ni mi zan ce? Ga shago cike da iyayenmu mata, dukansu hotunansu na hannunsu. Hajiyoyi, ku faɗa mishi. Injina ya taɓa ƙara muku abin da Allah bai ba ku ba?"

Na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda na yi wa wankan jego a cikinsu. Kowace ta kalli hoton da ke hannunta, ta saci kallon ta kusa da ita. Wace ce za ta fara cewa ni ba haka nake ba? Ɗaya ta ce, "A'a." Sai suka ɗauka gaba ɗaya, "A'a wallahi!" "Haba, ko kusa!" Har da mai cewa nata ma bai kai ta haske ba. Shi bai rantse ba, su suka rantse masa.

Hashimu ya ce, "Na ji. Yaya Illa, ka maishe ta gidansu. Na sake ta."

Haula ta miƙe. Yarinyar da ban taɓa jin muryarta ta wuce zaure ba, ta fizgi yaron daga hannun Muktari, ta ɗaga shi saitin wayar, tana ihu. "Abdurazak ne! Hashimu, ɗanka ne Abdurazak, dube shi!" Wayar ba ta da ido, kuma ya riga ya kashe. Wannan ne karo na farko da ta kira sunan ɗanta. Sai wata daga cikin hajiyoyin ta taɓa ta kusa da ita, ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "Kin ji ta, sunan ɗan fari tsirara. Dama daga gani ba ta da kunya."

Ban san lokacin da na fita na sungumi tukunyar dambu ba. Na juye ta a kan teburinsa, mai da yaji da komai. Na zage shi, na zagi matan, na kira kowace da sunanta da ainihin launinta. Aka riƙe ni aka fitar. Kashegari na dawo na ajiye tirena inda na saba. Mutane suka ce ba ni da zuciya. Ina da ita. A nan cinikina yake, ɗaya ke nan. Na biyu kuma na yi alkawari ba zai buɗe ƙofar nan da safe ba tare da ya fara ganin fuskata ba. Ban sake gaishe shi ba, shi kuwa kullum sai ya ce, "Sauda an tashi lafiya?" kamar ba abin da ya faru.

Muktari ya biya nasa. Ɗahiru ya daina karɓar katinsa. Ya koma wani labo, amma da ya kai hotuna ƙauye sai mata suka ce kamararsa ta lalace, tana baƙanta mutane. Ya yi bayanin tiya har bakinsa ya bushe, ba wadda take son ji. Ya sayar da kamarar, yanzu kabu-kabu yake yi da babur ɗin.

Malaman Kalfu sun ce a shari'a yaro na mai aure ne, hoto ba shaida ba ne. Illa ya tsaya a kan haka, Allah ya saka masa. Amma malamai ba su da iko da bakin rijiya. Ɗan hoto yara suka riƙa kiran Abdurazak, har ya fi amsa shi a kan sunansa. Haula ta daɗe a gida ba manemin da ya yi sallama da ita. Wanda ya zo daga baya wani dattijo ne daga can arewa, kuma ya ce ita yake so, ban da yaron. Ta bar shi wurin kakarsa ta tafi, yana riƙe da bakin zanenta ana ɓamɓare yatsunsa. Hoto ɗaya ya raba ta da miji, ya raba ta da ɗa.

Da wayoyi masu ido suka shigo, Illa ya riƙa ɗaukar yaron yana aikawa. Hashimu ya ce ai waya ta fi kowa iya shafe-shafe. Aka kira shi kiran da ake ganin juna, ya ƙi ɗauka. Ni na tabbata ya gane tun tuni. Amma ya riga ya yi wani aure can, ya riga ya faɗa gaban ɗakin maza, kuma ya fi masa sauƙi ya rasa ɗa da ya ce ya yi kuskure. Bara ciwo ya kama shi, aka binne shi a Abija. Bai taɓa jin nauyin yaron a hannunsa ba.

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ina nan ina jira. Waya ta kashe sauran labo ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya koma manyan hotunan bango da kundin biki, ya sayi sabon inji, ya sa ƙofar gilashi, ya je Makka. Yanzu Alhaji ne, shi ake kira a sasanta in ma'aurata sun samu saɓani a unguwarsu. Wallahi ba ƙari na yi ba.

Bayan girbin bana Abdurazak ya ce shi ma biɗa zai tafi. Mi zai zauna yi a garin da ake kiransa ɗan hoto? Sai da katin ɗan ƙasa ake wuce iyaka, katin kuma sai da hoto, labo kuwa na Alhaji ne kaɗai ya rage a wannan ɓangaren gari. Haula ta taho daga arewa don ta yi masa rakiya. Ta tsufa fiye da shekarunta, har ta kusa kama ni. Ta ƙi shiga. Ta zauna kusa da tirena ta ba ƙofar baya, yaron ya shiga shi kaɗai.

Ba a jima ba sai ga Alhaji ya fito da kansa, almakashi a hannu ɗaya, ƙananan hotuna a ɗayan, yana dariya har da tafa cinya.

Ya ce, "Sauda! Yau kam sai kin yi mini magana. Zo ki ga ikon Allah! Kin tuna Hashimu na Kalfu, wanda ya kwana ɗakina Abija? Ga shi ya dawo! Dubi goshin, dubi hancin, kamar an tsaga kara. Tun da yaron ga ya shigo na ce wanga jinin Hashimu ne, ko makaho ya shafa ya sani."

Na zuba masa ido ina neman alamar ba'a a fuskarsa. Babu. Murna yake tsakaninsa da Allah. Ya manta. Abin da ya cinye rayuwar mutum uku, a wurinsa wata ranar ciniki ce da aka ɓata masa tebur da mai.

Ya juya ya ga Haula, bai shaida ta ba. Ya ce, "Ke ce uwa tai? Sannu baiwar Allah, kin iya haihuwa. Sai dai baƙin ya yi yawa, kamar na uban. Samari, in ka samo kuɗi ka dawo in yi maka babba na bango, in fito da kai yadda 'yan mata za su yi rububinka."

Abdurazak yana tsaye a bayansa, dogo, bai san wane ne wannan mutumin a rayuwarsa ba, don ba mu taɓa nuna masa shi ba. Na buɗe baki. Haula ta dafa gwiwata. Ta miƙa hannu, Alhaji ya zuba mata hotunan a tafi. Titi cike da mutane, masu kabu-kabu, masu sayen dambu, ba ta damu da kowa ba. Ta kai hoton kusa da fuskarta ta kalli ɗan farinta, ta daɗe tana kallo.

Sannan ta ce, "Alhaji, wanga ita ce kamar shi ta gaskiya? Ba ka ƙara komi ba?"

Ya ce, "Haba! Ai wanga na hukuma ne. Hoton hukuma ba a wasa da shi."

Ya koma ciki wurin shayinsa, ƙofar gilashi ta rufe kanta. Haula ta zare ɗaya daga cikin hotunan, ta ƙulle a bakin zanenta, ta miƙa wa yaron sauran. Ta ce, "Abdurazak, ɗauki jakarka, kada mota ta bar ka."